Jinin Baba da Goron Tahir

Ga ta nan, ga ta nanku. Na san ba zan ji amsarku ba tunda waya ce a tsakaninmu, amma ku ce ta zo mu ji ta ko a zuci ne, ni zan ɗauka kun faɗa.

Wasunku sun dame ni da saƙo, wai Hajiya Raliya kullum labarin mutane kike ba mu, ke ba ki taɓa yin saurayi ba ne? Na yi, 'ya'yana. Ba da wannan ƙibar aka haife ni ba. To yau nawa ne, ku gyara zama.

A Injamena na tashi, unguwar Amrigebe. Mahaifina Bakari, Allah ya jiƙansa, Bafulatani ne dillalin shanu. Innata Iyatu Bahaushiya ce 'yar mahauta, shi ya sa Hausa ta ci gidanmu, Larabci sai a waje. Inna baki gare ta, abin da ke ranta shi ke kan harshenta. Baba kuwa kunya ce ta yi mutum ta sa riga. Ni ce 'yar fari, kuma har na isa aure bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan yarinyar". Ba ya cin abinci a gaban mutane. Ƙaya ta taɓa shiga ƙafarsa ta yi ruwa, ya yi ta yawo da ita bai gaya wa kowa ba, sai da Inna ta ga takalminsa ya jiƙe.

Tahir ɗan unguwar Bololo ne, iyayensa 'yan kasuwa ne da suka zo daga Kano tun yana goye. Ya yi karatun likitan jini a Faransa, ya dawo yana aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin labtan, wato asibiti, haka muke cewa a can, a unguwar Klemat. Nan muka haɗu. Na je gwajin zazzaɓi, ina ganin allura na sulale daga kujera. Da na farfaɗo sai na ji wani yana cewa, "Jikar mahauta ce wannan? A gidanku ina kike ɓuya ranar layya?" Na tashi na ja lafayata na fita ko sakamakon ban karɓa ba. Shi ya kawo mini har gida, kuma bai daina zuwa ba.

Shekarar 2003 ke nan, lokacin wayar hannu ta fara yawa a gari. Ya saya mini wata ƙarama mai nauyi kamar dutsen guga, ina ɓoye ta cikin kwanon turaren wuta. Ba ya iya dogon saƙo. "Kin ci abinci?" "Yau na ga wata ta suma, na tuna ki." Ni kuma in karanta in sake karantawa, ina dariya ni kaɗai, Inna tana harara ta.

Da farkon damina manyansa suka kawo gaisuwa. Goro fari da ja cikin ganye, kawunan sukari, shayi, turamen atamfa, da lafaya ruwan zuma mai ɗigon zaiba wadda na yi ta shafawa kamar jaririya. Baffa Idris, ƙanin Baba, shi ya karɓa. Aka raba goron gida gida, duk Amrigebe ta ci. Daga ranar Tahir ya zama suruki, kuma daga ranar idan Baba ya hango shi a bakin layi sai ya canza hanya.

Ba a daɗe ba wani bijimi ya soke Baba a kasuwar shanu, ƙahon ya shiga ciki ya taɓa hanji. Labtan ɗin su Tahir ne mafi kusa mai ɗakin tiyata, can aka kai shi. Wani tsohon likita ya tsaya a kansa, aka ɗinke shi, aka sa masa roba a jijiyar wuya ana ba shi ruwa da magani ta nan, don ba ya iya ci. Tahir ya yi ta kai da kawo, amma ɗakin bai shiga ba. A bayan taga yake tsayawa ya yi gaisuwa, Baba ya ja mayafi har hanci ya ce lafiya lau.

Ciwon ya fara haɗewa, muka fara murna, sai zazzaɓi ya zo. Kullum da la'asar jikinsa ya ɗau rawa, gado yana ƙara, haƙora suna haɗuwa. Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na taifot, aka canza allurai masu ƙarfi aka sake canzawa. Aka ɗebi jini aka sa a kwalba a ga ko wani abu zai tsiro, kwalba ta yi kwanaki shiru. Inna ta kawo rubutu, ta kawo saiwoyi, ta yi faɗa da kowa. Baba yana ta ƙarewa, hannayensa suka kumbura saboda huda.

Wata rana na fito da kwanukan da ba a taɓa ba, na sami Tahir yana jirana ƙarƙashin dalbejiyar asibitin.

"Zauna, Raliya. Ina da zato, amma zato ne."

"Faɗi."

"Kin san fumfunar da ke kama kilishin Inna da damina?"

"Na sani. Me ya haɗa ta da Baba?"

"Akwai danginta a jikin kowa, a fata da cikin hanji. Ba ta cutarwa, don sauran ƙwayoyin jiki sun tare mata wuri. To hanjin Baba ya fashe, alluran da muka yi ta ba shi sun kashe masu tare ta, ga roba a wuya. Ina jin ta shiga jini."

"Ai kun gwada jinin."

"Kwalbar nan sau da yawa ba ta kama ta, ko tana ciki. Akwai sabon gwaji a wurin malamina a Faransa. Kin ga yadda Baba ke gane saniyarsa cikin garke da tsagar kunne? Kowace halitta tana da irin wannan shaidar a cikin ƙwayar jikinta, wadda ta gada. ADN muke ce mata. Injin nasu shaidar yake nema a cikin jini. Ko ɓurɓushi ya samu zai yi ta ninka shi har a gani, ya kuma faɗi wace iri ce."

Na ce, "To ku ba shi maganin kawai mana, sai an je Faransa?"

"Maganin biyu ne. Mai sauƙin mun fara yau, an kuma cire robar wuyan. Amma akwai irin da ba ta jin sa ko kaɗan. Ɗayan yana kashe kusan kowace iri, sai dai yana cin ƙoda, ƙodar Baba kuwa ta riga ta gaji. Likita ya ce ba zai sa masa shi a kan zato ba, ni ma da ni ne ba zan sa ba."

Ya ce akwai jirgi jibi da yamma, akwai kuma wanda zai riƙe jinin cikin ƙanƙara har can. Na ji sanyi a raina, na ce ai shi ke nan. Shi kuwa yana ta murza ganyen dalbejiya a hannunsa.

Matsalar ɗibar jinin ce. Nas Rufa'i ya gwada hannu biyu, ya gwada bayan ƙafa, jijiyoyin duk sun lafe, ɗan abin da ya samu ya daskare a sirinji. Saura babbar jijiyar matsematsi, can saman cinya. Kuma sai an yi da tsafta ta gaske, don in allura ta kwaso fumfunar fata, injin zai ce tana cikin jini alhali ƙarya ne. Tsohon likita ya nuna mana hannunsa yana karkarwa ya ce shi ya daina wannan aikin, ko tiyatar ma tsayawa ya yi yana nuni. Ya nemi wani abokinsa aka ce ya tafi garin Mundu. Mutum ɗaya ya rage a asibitin da zai iya, kun san shi.

Baffa Idris ya shiga ya gaya wa Baba, ni da Inna muna bakin ƙofa. Washegari da safe ne, hankalinsa garau. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya fuska bango.

"Mijin 'yata zai ɗaga mini zane?"

"Yaya, lalura ce. Ko malamai sun halatta."

"Ban ce haram ba ne. Na ce ba zan iya ba."

Inna ta faɗa ɗakin. "Malam, wace irin kunya ce wannan? Yaron nan jini yake nema, ba kallonka zai yi ba. Ka mutu ka bar ni da wa?"

"Iyatu, ki fita."

"Ba zan fita ba. In ya so idan zazzaɓin ya kwashe ka a yi, ba ka ma sani ba."

Da ma ba ta faɗa ba. Nan take Baba ya kama hannun Baffa ya sa shi rantsuwa cewa ko a sume yake ba zai bari ba. Baffa ya rantse yana hawaye. Kada ku zagi mahaifina a ƙasan rubutun nan, don Allah. Ku ba ku san irinsu ba. Mutuwa ta fi masa sauƙi, kuma ba da wasa yake ba.

Na bi Baffa har inda ya tsuguna yana wanke fuska.

"Baffa, in da ba surukinsa ba ne fa?"

"Da likita ne kamar kowa. Ai Rufa'i kullum yana juya shi."

"To a mayar musu da kayan gaisuwarsu."

Ya ɗago ya dube ni sosai. "Kin san me kike faɗa? Gidan yayana, goron da ya fita ba ya sake shiga. Ba wasan yara za mu yi masa ba, zai sa ni rantsuwa. In an mayar, an mayar. Kuma unguwa za ta ce wani aibu aka gani a jikinki."

Na ce na sani. Gaskiya ban sani ba, bakina ne kawai ya faɗa.

Na koma bayan ɗakin wanki na ciro waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura: "Ka gaya wa manyanka za a kawo musu kayansu yau."

Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira. Sai saƙo: "Kina ina?" Kafin in amsa sai ga shi, da farar rigar aiki, ya zagayo ta bayan igiyar shanya.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Raliya, ki ba ni zuwa gobe. Zan nemo wani, akwai likitocin sojan Faransa, akwai..."

"Kai ka ce da zazzaɓin yana tashi ake ɗiba. Yau da la'asar ke nan. In jirgin gobe ya wuce, na gaba yaushe?"

Na matsa kusa da shi.

"Baba zai kai lokacin?"

"Ban sani ba."

"Ka sani, Dakta. Kai dai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa saƙonka ba ya tsawo."

Ya ɗan yi dariya, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "In na ɗiba aka ce babu komai fa? Na rasa ki a banza."

"To sai mu san babu komai."

Ya kalli zannuwan gadon da ke ɗiga. Sannan ya ce to, ya juya. Ko sallama bai yi mini ba, kuma na gode masa, don da ya yi da na fasa.

Inna da kanta ta jawo kayan daga ƙarƙashin gado. Atamfofin suna nan, sukari yana nan, lafayar ma na ninke ta na sa. Goro ne babu, tunda unguwa ta cinye, sai da Baffa ya shiga kasuwa ya sayo wani, fari da ja kamar na farko. Ya ce da rana tsaka za a kai, kowa ya gani, don kada Baba ya ce an yi masa dabara. Aka ɗora a amalanke, aka bi da shi ta tsakiyar Amrigebe cikin taɓo, mata suna leƙe ta kan katanga. Ina ɗaki ina jin ƙarar tayar har ta ɓace.

Baffa ya dawo labtan ya rantse wa Baba. Baba ya tambaya sau ɗaya, "Wa ya ce a mayar?" Baffa ya ce, "Ita." Sai Baba ya ce to, likitan ya zo.

La'asar na yi jikin ya fara rawa. Ina zaune a baranda da Inna, sai ga Tahir da tire a hannu, ya rufe baki da hanci, Rufa'i yana biye da akwatin ƙanƙara. Ya tura ƙofar da bai taɓa turawa ba. Ta taga na ji muryarsa, ba da Hausa ba, da Larabci, irin muryar da yake yi wa kowane majinyaci. Afe ita ce lafiya a Larabcin can.

"Bakari, afe? Zan ɗebi jini a cinya. Ka kwanta sosai, kada ka motsa."

Sunansa ya kira, gatsau. Inna ta dafe ƙirji. Ni kuwa a nan na gane cewa da gaske an mayar.

Baba ya amsa da Larabci shi ma, haƙoransa suna haɗuwa. "Afe, daktor. Yi aikinka."

Ba su daɗe ba. Ya fito da akwatin, ya wuce ta gabanmu, ya ɗan rusuna wa Inna, ni ko kallo.

Kwanakin jiran ba zan ba ku labarinsu ba, ba su da daɗin ji. Baba ya fara magana da mutanen da suka mutu tun ina yarinya. Wayata tana cikin kwanon turare, ko ƙara ba ta yi. Sakamakon ma a wayar Baffa ya shigo, ya miƙo mini don shi ba ya karatun boko: "An same ta. Irin da ba ta jin maganin farko ce. Yau za mu canza."

Maganin ruwan ɗorawa ne, a hankali ake ɗiga shi, a rufe kwalbar da ƙyalle don ba ya son haske. Ranar farko ya girgiza Baba fiye da ciwon, Inna ta ce sun zo ƙarasa shi. Kullum ana duba ƙodarsa, ana ɗura masa ruwa. Sai wata la'asar muka zauna muna jiran rawar jikin, har aka kira magariba ba ta zo ba. Washegari ma haka. Rana ta gaba ya ce Inna ta dama masa fura, kuma kowa ya fita zai sha.

Muka dawo gida. Abin da Baffa ya faɗa kuwa ya faru. A gidan biki in na shiga sai hira ta tsaya. Wata ta ce ai likitan jini ne, wani abu ya gani a jinina. Wata ta ce aljanu gare ni, ba ga shi ina suma ba. Inna ta yi dambe da mutum biyu a bakin famfo. Na rame, lallen hannuna ya goge ban sake sawa ba. Tahir bai turo ko harafi ɗaya ba, ni ma ban tura ba. Baba yana zaune a zaure da sandarsa yana ƙara ƙwari, bai ce da ni komai ba, ban kuma sa ran zai ce ba.

Gab da layya Baffa ya zo gaishe shi, na kai musu shayi. Na juya zan fita sai Baba ya ce, "Ke, tsaya." Bai dube ni ba, Baffa yake kallo.

"Idrisa, waccan yarinyar na ba ka ita. Ta kwashe kayanta ta koma gidanka. Daga yau kai ne ubanta, ni ba ruwana da wanda zai zo da wanda ba zai zo ba."

Baffa ya kurɓi shayi. "Yaya, ka san ni gidana goro bai taɓa fita ba."

"Ban tambaye ka ba."

"Kowa ya kawo zan karɓa fa."

"Na ce ban tambaye ka ba. Abu ɗaya ne, kada a haɗa ni da shi ido da ido."

Na ɗauki tiren. Na fita na sami Inna a bakin murhu tana ta fifita wutar da ta riga ta kama, ashe tana jin komai. Ta ce, "Bafulatanin nan zai kashe ni. Je ki ɗauko wayar da kike ɓoyewa cikin turarena."

Na rubuta masa: "Na koma gidan Baffa Idris." Amsar ba ta ɗau lokaci ba: "Kin ci abinci?"

Bayan salla aka ɗaura, a ƙofar gidan Baffa. Baba bai zo ba, ya aiko da bijimi. Muna nan tare har yau, ni da Tahir, Baban Ilham ke nan, ya yi furfura, yana koyar da yara aikin gwaji, kuma har yanzu in za a yi mini allura sai ya riƙe ni. Inna tana gidanmu, ta tsufa amma bakin yana nan. Baffa Idris ya koma garin Kusiri wajen 'ya'yansa. Tsohon likita ya rasu ba da daɗewa ba. Rufa'i ya buɗe kantin magani.

Baba ya ƙara shekaru masu yawa, ya ga jikokinsa, ya koma kasuwar shanu har ƙafa ta gaza. Duk tsawon wannan lokacin bai taɓa zama wuri ɗaya da mijina ba. In muka je gaisuwa, ta bayan katanga suke yi, ko ya fice ta ƙofar garke. Da ciwon ajali ya zo, ya kira Baffa ya bar masa wasiyya a kan wanda zai yi masa wanka. Ya ce a kira likitan nan na Bololo shi kaɗai, tunda shi ya riga ya gani, kada a ƙara wani. Shi ya wanke shi.